Roba a Wuyan Tanki

Mu mutanen Tambuwal babu abin da muka yarda da shi kamar roba. Ba wata roba ta musamman ba, wannan dai ta cikin tayar babur da ake yankawa siri-siri. Da ita muke ɗaure buhu a bayan babur, da ita muke naɗe ƙotar gatari in ta tsage, da ita muke toshe tiyon injin ban-ruwa. Na rantse da kan mutum zai fashe a kasuwa, kafin a kai shi asibiti sai wani ya laluba aljihu ya ce a bari ya gwada naɗa masa roba. Ina faɗin haka ne don kada wanda ya ji labarin Shafi'u ya ɗauka shi kaɗai ne wawa a garin. Abin da ya yi, kowannenmu shi zai yi.

Shafi'u ɗa ne ga Ɗan'iya maƙeri. Duk wanda ya taɓa riƙe kalme, wato fartanya, daga Tambuwal zuwa Jabo har a gangara Kebbe ya san aikin Ɗan'iya, saboda tambarin da yake bugawa a jikin ƙarfe: zane uku masu kama da sawun kaza. Ƙarfen da ake buga tambarin da shi gado ne, daga kakansa ya fito. Manomi in ya ga sawun kaza a jikin garma ba ya tsayawa ƙwanƙwasa ta, ɗauka yake yi ya saɓa a kafaɗa.

Shi kuwa Shafi'u bai so zaman maƙera ba. Hayaƙi yana sa shi tari, ga shi ya yi makaranta, yana son aikin da ake sa riga da takalmi. Da Alhaji Abdulhamidu ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma ya buɗe 'yar masana'anta a bakin gari, kan hanyar Kebbe, Shafi'u na cikin waɗanda suka fara shiga. Tankin feshi na ƙarfe suke ƙerawa, irin wanda manomi ke goyawa a baya, ya bunƙa masa iska da famfon hannu, ya bi gona yana fesa magani. Alhaji ya ce na roba da ake kawowa daga waje rana ke fasa su, nasa kuwa har jika zai gada.

Aikin a jere yake cikin rumfa guda doguwa. Wasu na yanka farantin ƙarfe, wasu na lanƙwasa shi, Mu'awiya mai walda yana haɗe jiki da gindi, sannan ya dasa ɗan gajeren wuya a sama, inda ake zuba magani. Daga hannun Mu'awiya sai tanki ya zo wurin Shafi'u, kafin masu fenti. Shi aikinsa gwaji: ya cika tanki da iska daga kwamfaresa, ya danna shi cikin kwamin ruwa, ya zuba ido. In kumfa ta taso, akwai huji, tanki ya koma wurin walda. In ruwa ya kwanta lif, tanki ya wuce.

Alhaji ba ya rasa wayo. Ya san manomanmu ba za su sayi sabon abu don an rubuta masa suna da Turanci ba, sai ya taka har maƙera ya roƙi Ɗan'iya ya ara wa ɗansa tambari, a riƙa bugawa a kafaɗar duk tankin da ya ci gwaji. Tsohon bai so ba. Amma Shafi'u ne namijin da ya rage masa, kuma yana son sa irin son da ke hana mutum cewa a'a. Ya kwance ƙarfen daga tsumman da yake naɗe, ya sa masa a tafin hannu, ya ce: "Kak ka buga shi bisa abin da idonka bai gani ba." Bai kuma taɓa zuwa ya ga masana'antar ba, don gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya da shi.

Da farko marfi mai zare suke murɗawa a bakin tanki su haɗa tiyo. Murɗawa ka gaji, kwancewa ka gaji, tankuna su taru a gaban Shafi'u, masu fenti su zauna suna hira. Sai Alhaji ya dawo daga wata tafiya da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi wanda bai wuce dunƙulen hannu ba. A bakin tiyo ake ɗaura shi. Ka kifa shi a bakin wuyan tanki ka danna, sai ka ji ƙas, haƙoran da ke cikinsa sun kama, wani baƙin zoben roba ya toshe ko'ina, iska ta shiga. In ka gama ka ja zoben ƙarfen da ke bayansa, ya saki. Kafin ka ƙifta ido an wuce wurin. Ma'aikata suka sa masa suna Cafkau, har masu shago na maƙwabta suka riƙa leƙowa don su ji wannan ƙas ɗin. Shafi'u kuwa sai ka ce shi ya ƙera shi, in yana dannawa har wani ɗaga kafaɗa yake yi.

Cafkau ya yi aiki rani guda lafiya lau. Da zafin bazara ya tsananta, baƙin zoben nan na ciki ya bushe ya tsattsage, haƙoran ma suka fara sulɓi. Ana danna shi sai ya kama huci, a cikin ruwa kuwa kumfa ta cika kwami daga bakinsa, ba ka iya ganin komai. Aka nemi zoben a Tambuwal babu, aka aika Sakkwato aka kawo wani wanda bai shiga ba. Ga damina na ƙaratowa, masu saye sun yi layi. A koma wa tsohon marfi mai zare? Babu wanda ya ma so a ambaci haka, don kowa ya saba da sauri.

To, me ɗan Tambuwal zai yi? Shafi'u ya fita wurin mai faci ya karɓo roba. Ya naɗe wuyan tanki da ita tam, tun daga baki har ƙasa inda ya zauna a kafaɗa, sannan ya danna Cafkau a kai. Huci ya tsaya cak. Ya nutsa tanki a ruwa, ruwa ya kwanta kamar na cikin randa. Duk rumfar aka yi ta yaba masa, Alhaji da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce jinin maƙera ba ya ɓuya. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa robar ta rufe waldar wuya ruf, wato daidai inda Mu'awiya ya fi shan wahala, inda huji ya fi son ɓuya. Daga ranar, Shafi'u yana gwada ko'ina a jikin tanki ban da wurin nan. Yana gamawa ya kwance robarsa, ya ɗauki guduma, ya buga sawun kaza.

Ɗaya daga cikin tankunan nan ya tafi kasuwar Kebbe, ya faɗa hannun Maccido, mutumin Fakku. Maccido dogo ne, mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, kuma mutanen ƙauyensu sun san in ya faɗi abu ba ya komawa ya tsince shi. Ya sayi tankin ne don ƙanensa Lauwali, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar ubansu. Bai duba komai ba, sawun kaza kawai ya gani ya ce a ɗaure masa a babur.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta yi tsiri. Lauwali ya haɗa maganin ƙona ciyawa, ya haɗa shi da kauri kamar yadda manomanmu suka saba don ba su yarda da awon da ke jikin kwalba ba. Ya bunƙa iska, ya goya tanki a kan 'yar riga shara-shara, ya shiga gona da hantsi. Hujin da ke wuyan bai kai bakin allura ba, amma iskar da ke ciki ta riƙa feso magani ta nan, daidai ƙeyarsa, yana gangarawa gadon baya har ƙugu. Ya ji jiƙa ya ce gumi ne. Ya ji zafi ya ce rana ce. Ya ƙara cika tanki ya ci gaba, don yana so ya gama kafin Azahar. Da ya koma gida bai yi wanka ba sai da ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa.

Kashegari bayansa ya tashi da ƙuraje masu ruwa. Kafin a ankara sun haɗe sun zama guda. Aka ɗora shi a babur, mutum a gaba mutum a baya, aka bi mugun hanyar nan zuwa Kebbe yana ihu a kowane rami. A asibiti, da ma'aikaciyar jinya ta zo cire masa riga, rigar ta fito da fatar bayansa a manne. Maccido yana tsaye a kansa. Ya ga jan nama tun daga wuya har ƙugu, ya ga ƙanensa kwance rub da ciki yana cizon katifa, yana kiran sunan uwarsu da ta daɗe a ƙasa.

Maccido bai yi kuka ba, da ma ya yi. Fita ya yi ya kwance tankin daga babur ɗinsa, don tun a gida ya gane shi ne ya yi yoyo, ya shigo da shi ya ajiye a gaban dangi da suka taru a baranda, ya ɗora yatsa a kan tambarin. Ya ce ya san ba da gangan aka yi ba, saboda haka ba ya neman ran kowa. Sannan ya kama sunan Allah ya rantse cewa hannun da ya buga wannan shaida sai ya cire shi. Dattawa suka yi ta ba shi baki, suka ce a kai ƙara, suka ce rantsuwa tana da kaffara. Kamar da bango suke magana. Ya faɗa a gaban mutane, kuma a wurin irin su Maccido shi ke nan an gama.

Suka taso Tambuwal a kan babura, shi da ɗan baffansa Yelwa da wasu ƙarti biyu, kowa da adda a naɗe cikin buhu. Da yake tambarin Ɗan'iya suka sani, maƙera suka fara nufa. Suka iske tsohon zaune yana gyara bakin wata garma. Maccido ya yi sallama, don ko a ranar bai manta ladabi ba, ya dire tankin a gabansa.

"Baba, wanga tambari naka na?"

Ɗan'iya ya duba, ya ce: "Nawa na."

"Kai kab buga shi?"

Tsohon ya kalli fuskarsa, ya kalli buhunan da ke hannun mutanen, ya yi shiru. Da an bar shi da shirunsa, wataƙila da labarin ya canza. Amma akwai mai garmar zaune a gefe, irin mutanen nan da ba a tambaye su ba amma bakinsu ke ƙaiƙayi. Ya yi caraf ya ce ai wannan aikin ɗansa ne Shafi'u, can masana'antar Alhaji Abdulhamidu, har da nuna musu hanya da hannu. Suka hau babura suka bar wurin. Ɗan'iya ya dafa uwar maƙera ya miƙe, ko takalmi bai nema ba, ya bi bayansu da ƙafa yana ɗingishi.

Ana dab da tashi sallar Azahar suka shiga harabar masana'anta. A wannan zamani, in mutane suka ga babura sun shigo da gudu, aka zare adduna, ba wanda ke tsayawa tambaya. Wani ya ce 'yan bindiga ne, rumfa ta watse. Masu fenti suka haura katanga, masu yanka faranti suka bi ta magudanar ruwa. Alhaji, wanda kullum yake ba da labarin jaruntakarsa lokacin yana aiki, ya kulle kansa a ofis ya tura tebur a bayan ƙofa. Mu'awiya ne kaɗai ya yi ta maza, ya taso da sandar ƙarfe. Yelwa ya tare shi, ya shimfiɗa masa faɗin adda a baki. Haƙora biyu suka faɗo a kan siminti, Mu'awiya ya durƙusa yana tara jini da tafin hannu.

Shafi'u yana can ƙarshen layi, hannuwansa cikin ruwa, ƙarar kwamfaresa ta hana shi jin komai. Sai ji ya yi an damƙi wuyan rigarsa an juyo shi. Maccido ya jefa masa tankin a ƙafa, ya tambaye shi ko shi ya buga tambarin. A gajarce ya gaya masa abin da ya sami Lauwali, da abin da ya rantse zai yi.

Shafi'u ya tsorata, amma a ransa ya tabbata ƙarya ake yi wa aikinsa. Ya ce wataƙila marfi ne ba a rufe da kyau ba, ko kuma tankin ya faɗo daga babur. Ya ce: "Ni nig gwada shi da hannuna. Babu tankin da ka fita nan shina yoyo. Ku tsaya in gwada shi gabanku, in kun ga kumfa ku yi man abin da kuka so."

Wannan magana da bakinsa ya faɗe ta, ba wanda ya tilasta shi. Maccido ya ce ya yarda.

Shafi'u ya ɗora tankin a bakin kwami, ya cire famfon hannu daga wuyansa, ya miƙa hannu ya ɗauko robarsa da ke rataye a ƙusa. Ya fara naɗawa ke nan Maccido ya sa bakin adda ya tsinke ta.

"Mi kaka yi da wagga roba?"

Shafi'u ya yi masa bayani cewa zoben cikin Cafkau ne ya lalace, robar tana hana iska fita ne kawai.

Maccido ya ce: "Ƙanena ba da roba yag goya shi ba. Yadda yag goya shi, haka za ka gwada shi."

Shafi'u bai ga abin musu ba. Ya kifa Cafkau a wuyan tanki tsirara, ya danna. Ƙas ɗin da ya yi mai rauni ne, dole ya danne shi da hannun dama da dukan ƙarfinsa. Ya buɗe iska, ya tura tanki cikin ruwa. Manyan kumfa suka taso daga bakin Cafkau, ya ce musu wannan ba komai ba ne, daga na'urar ne, su duba ƙasa. Shi ma ya sunkuya ya duba ƙasa.

Nan ya gan ta. Daga gindin wuya, daidai kan walda, wata siririyar kumfa tana tasowa a jere ba tsayawa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Wurin da ya yi watanni yana rufewa da hannunsa. A tsaye a wurin ya tuna tankunan da ya naɗe tun bazara, ya tuna duk sun fita da sawun kaza, suna can a bayan mutane. Hannun da ke danne da Cafkau ya sake.

Cafkau ya fizge da ƙara kamar an harba bindiga. Tiyon ya tashi sama yana bulala, dunƙulen ƙarfen nan a bakinsa, ya zagayo ya sami Yelwa a fuska. Hancinsa ya fashe, girarsa ta tsage, ya faɗi da baya cikin tulin faranti. Tiyon ya ci gaba da dukan ƙasa da kwano yana huci, har sai da ɗaya daga cikin ƙartin ya sare shi da adda.

Su ba su san hatsari ba ne. A ganinsu da gangan ya sakar musu shi. Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da ƙotar adda, da wani guntun bututu da suka tsinta. Suka danna kansa cikin kwami har ya daina shure-shure, suka ɗago shi yana aman ruwa, suka sake dannawa. Ruwan ya koma ja. Yelwa ya taso, fuska duk jini, yana cewa a yanka shi kawai. Maccido ya daka musu tsawa, ya ce hannu ya rantse a kai, hannu zai ɗauka. Suka durƙusar da Shafi'u, ɗaya ya hau bayansa, ɗaya ya ja hannunsa na dama ya shimfiɗa shi a kan teburin ƙarfen da yake buga tambari, ya taka yatsun da gwiwa. Shafi'u yana roƙo, amma bakinsa ya kumbura, ba a jin abin da yake faɗa.

A haka Ɗan'iya ya shigo, ƙafafu duk ƙura, numfashi sama-sama. Bai yi ihu ba. Ya ratsa ta tsakaninsu kamar mai shiga sahu a masallaci, ya tsaya a gefen teburin. Ya ce da Maccido ya san marigayi ubansa, shi ya ƙera masa kalmen da ya fara noma da shi. Ya ce a kai shi Kebbe, shi da kansa, ya durƙusa gaban Lauwali, ya ce a ɗauki maƙerar da duk abin da ke ciki.

Maccido ya ce: "Kauce, Baba. Ba da kai nika yi ba."

Tsohon ya ce: "Da ni kaka yi. Ba don yaron ga kas sayi tanki ba, ba ka ko san shi ba. Don sawun kaza kas saya, sawun kaza ko nawa na. Ni nib ba shi, ban taho nig ga abin da shika bugawa a kai ba."

Na tabbata maganar ta shiga Maccido. Amma ga Yelwa a gefe yana zubar da jini, ga mutanensa suna kallonsa, ga rantsuwa a wuyansa. Ya rufe ido, kamar yadda mutum ke yi in zai haɗiye magani mai ɗaci, ya ɗaga adda da hannu biyu. Shi ya sa bai ga lokacin da tsohon ya ɗora hannunsa na dama a kan wuyan hannun ɗansa ba.

Addar ta sauka. Ƙarar da ta yi ba ta ƙarfe a kan ƙarfe ba ce. Hannun da ya shekara hamsin yana riƙe masaba, gudumar maƙera, ya rabu daga tsakiyar tafi, yatsu huɗu da rabin tafin suka zame suka faɗa cikin kwami, babban yatsa ya rage yana reto. Kaifin ya wuce ya tsaga fatar Shafi'u kaɗan ya tsaya a ƙashi. Jini ya yi tsartuwa har kan rigar Maccido. Ɗan'iya ya zauna a ƙasa a hankali, ya rungume abin da ya saura a ƙirjinsa, yana salati ƙasa-ƙasa.

Maccido ya buɗe ido ya ga abin da ya yi. Addar ta faɗi daga hannunsa. Mutanensa suka saki Shafi'u suka ruga wurin babura, shi kuwa ko motsi bai yi ba, nan 'yan sanda suka same shi a tsaye. Shafi'u ya rarrafo wurin ubansa yana neman abin da zai tsayar da jinin. Babu komai kusa sai guntun robar nan da aka tsinke. Da ita ya ɗaure damtsen tsohon, ya ja da haƙori, kuma likita ya ce ita ce ta hana shi mutuwa a hanya.

Lauwali ya rayu, amma bayansa ba zai ƙara ɗaukar kaya ba. Maccido yana tsare. Alhaji ya rufe masana'anta ya ce hawan jini ya kama shi. Shafi'u, tun kumburin fuskarsa bai saɓe ba, ya ari babur ya bi kasuwanni da ƙauyuka yana karɓo duk tankin da ke da sawun kaza. A wasu wuraren an zage shi, a wani ƙauye an jefe shi da hoge. Ya tara su a bayan maƙera, wadda tun ranar ba a ƙara hura wuta a cikinta ba.

Da aka sallamo Ɗan'iya ya dawo gida, sai wata matsala ta taso. Ya ƙi cin abinci. Ya ce bai taɓa kai hagu bakinsa ba tun yana yaro, ba kuma zai fara da furfura ba. Matarsa Hinde ta kawo cokali, ya kau da kai. Ta ce to ta ba shi a baki, ya ce a'a. Nasiha matar Shafi'u ta dama fura, ya ɗan kurɓa ya ture. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Shafi'u kuwa kunya ta hana shi shiga ɗakin, daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya juya, hannun dama a cikin aljihu, don ya tsani ganin sa.

Wata rana da hantsi tsohon ya aika aka kira shi. Ya shiga ya durƙusa nesa. Ga akushin tuwon dawa da miyar kuka a buɗe a gaban tabarma. Ɗan'iya ya nuna akushin da haɓa, ya ce ya wanke hannu ya matso.

Shafi'u ya wanke. Ya gutsuro tuwo, ya mulmula, ya tsoma a miya. Tabon addar yana nan ja a wuyan hannunsa. Da ya ɗago lomar sai hannun ya kama kyarma, miya na ɗiga a kan tabarma, hawaye suka hana shi ganin bakin uban. Bai sani ba ko horo ne ake yi masa ko gafara, kuma bai da ƙarfin tambaya.

Tsohon ya sa hagunsa ya kama wuyan hannun, daidai kan tabon, ya tsayar da shi.

"Riƙe shi da kyau, Shafi'u. Shi kaɗai yar rage muna, ni da kai."

Ya buɗe baki ya karɓi lomar. Ya tauna a hankali ya haɗiye, sannan ya ce ta yi girma, a rage ta gaba.